AMSOSHIN WASIƘUNKU: Famfon Injin Wankin Kafet Ya Rasa Ƙarfi, In Sayi Sabo?

 Wasiƙar da muka ɗauko yau ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu a ƙasar Funtuwa, manomi ne da damina, in rani ya yi kuma sai ya koma bakin titi yana wankin motoci da kafet da dardumomi. Ya ce injinsa mai aiki da fetur ne, da can in ya danna bindigar feshi sai ya riƙe ta da hannu biyu, amma yanzu ruwan sai tsiyaya yake yi kamar na buta. Ya kai wa bakanike, ko kwance noti ɗaya bai yi ba ya ce masa kan famfon ya mutu, a sayi sabo. Ga shi kuma ya karɓi kafet na gidaje uku da za a yi biki da su, masu kaya suna ta aike. Tambayarsa ita ce, ya sayar da buhunan masarar da ya ajiye ya sayi famfon, ko kuwa da wata dabara?

To malam, mun gode da wannan wasiƙa. Amsa a taƙaice ita ce, bar masararka a rumbu tukuna. Mai yiwuwa ne bakaniken ya yi gaskiya, amma ba a yanke wa famfo hukunci daga kallo. Akwai abubuwa da dama da ke kashe ƙarfin feshi, kuma mafi yawansu a wajen famfon suke, ba a cikinsa ba. Manoma masu injin feshi na goyo da masu injin ban ruwa, ku ma ku matso kusa, maganar ta shafe ku.

Da farko a gane abu guda, don a kansa sauran bayanin ya hau. Shi famfo ba ƙarfi yake ƙerawa ba, ruwa kawai yake turowa, lita kaza a minti ɗaya. Wannan ɗan ƙaramin ramin da ke bakin bindiga, wanda ake ce wa nozul, shi ke matse ruwan har ya fito da ƙarfi. Duk wanda ya taɓa toshe bakin tiyo da babban yatsa ya ga yadda ruwa ke tsartuwa ya san wannan. Saboda haka in ƙarfi ya ragu, ɗayan biyu ne: ko ruwan da ke isowa bakin bindiga ya ragu, ko kuma ramin ya buɗe. Duk binciken da za ka yi, tsakanin waɗannan biyun yake.

Sai kuma ka san abin da aka ƙera injinka ya bayar, don injinan wankin kafet ba ɗaya ba ne. Akwai ƙanana masu tanki biyu, suna fesa ruwan sabulu su kuma zuƙe shi, irin waɗanda kamfanin Kärcher na Jamus ke yi, waɗannan feshinsu bar 1 ne zuwa 4 kacal, kuma haka aka yi su, ba lalacewa ba ce. Akwai na tsakiya masu kamar bar 7. Akwai manya da ake girkawa a cikin mota a Amurka da Ingila, waɗanda ake wanke kafet da su a kan bar 20 zuwa 35. Sannan ga irin naka, na wankin mota, wanda ke kaiwa bar 100 zuwa 200. In gejin injinka da ma'aunin psi aka rubuta shi, to bar ɗaya daidai yake da psi 14 da rabi. Duba ɗan allon ƙarfen da ke manne a jikin famfon, za ka ga an rubuta ƙarfinsa, da yawan litar da yake bayarwa, da gudun da yake so. Kwafe su a takarda ka ajiye.

Yanzu ta da injin, ka danna bindiga, ka zuba wa geji ido. In allurar ta hau daidai ko ma ta wuce inda ta saba, amma feshin ba ƙarfi, to famfonka lafiyarsa lau, wani abu ne ya toshe a gaba, ko nozul, ko mahaɗin tiyo, ko bututun da ke ɗumama ruwa in injin mai ruwan zafi ne. In allurar ta tsaya ƙasa shiru ba ta motsi, sai a tuhumi nozul da ya cinye, ko bawul ɗin da ke mai da ruwa baya, ko gudun injin. In kuwa allurar rawa take yi, tiyo yana fizga a hannunka kamar maciji, to iska ce ta shiga, ko kuwa bawul ɗaya a cikin famfon ya maƙale. Shi kansa gejin yakan yi ƙarya. Wanda allurarsa ba ta komawa kan sifiri bayan an kashe inji an saki ruwa, ya gama aiki, kada ka dogara da shi.

Mu fara da nozul, don shi ne mafi araha, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Waɗannan kawunan masu launi da ke zuwa da injin wanki, kowanne da aikinsa. Ja tsinin allura yake fesawa, ruwan ɗorawa yana buɗewa digiri 15, kore 25, fari 40. Baƙin kuwa na sabulu ne, raminsa babba ne da gangan don ƙarfin ya faɗi injin ya iya jawo sabulu. Ba abin mamaki ba ne yaron shago ya sa baƙin ya manta, maigida ya zo ya yi ta zargin famfo. Duba wannan kafin komai.

In ba baƙin ba ne, to sai batun cinyewa. Ruwan rijiya da na rafi da na burtsatse duk suna ɗauke da ɗan yashi, shi kuma yashi in ya bi ta ramin nan da gudu, goge shi yake yi kullum kaɗan-kaɗan. Ido ba ya ganin bambancin, amma lissafi yana gani. In faɗin ramin ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 kawai, ƙarfin feshi zai faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wato injin da ke ba ka bar 150 sai ya dawo wajen 100, alhali famfon bai yi laifin komai ba. Na tagulla shi ya fi saurin cinyewa, na farin ƙarfe ya fi shi daɗewa, na tangaran ya fi su duka. Abin da ya fi ɓata nozul kuwa shi ne ɗabi'ar nan ta zura masa allura ko waya ko ƙusa in ya toshe. Sau biyu ko uku ka yi haka, ka faɗaɗa ramin da hannunka. In ya toshe, kwance shi, ka wanke shi ta baya da ruwa, ka goge da tsohon buroshin haƙori. In kuma farin ɓawon nan ne ya kama shi, irin wanda ke kama cikin butar mai shayi a garuruwan da ruwansu ke da zartsi, jiƙa shi cikin ruwan lemun tsami ko ruwan kal ya kwana.

Wajen sayen sabo, karanta lambar da ke jikinsa. In ka ga 2504, lambobi biyun farko buɗewar feshin ce, digiri 25, na ƙarshen kuma girman ramin ne. A sandar wankin kafet za ka ga irin su 11002, wato digiri 110, rami mai lamba 02, wanda ke fitar da kusan lita 0.8 a minti ɗaya a kan bar 3. Manoma za su gane wannan lamba, don ita ce dai a jikin nozul ɗin feshin gona. Ɗan kasuwa zai ce maka ai duk ɗaya ne tunda zaren ya shiga. Ba ɗaya ba ne. In injinka 03 yake so ka sa masa 05, ƙarfin zai faɗi ƙasa da rabi tun ranar farko.

To, an sa sabon nozul mai lamba daidai, abin bai gyaru ba. Sai mu koma baya, wajen da ruwa ke shiga. A nan ne cutar ta fi yawa. Famfo ba zai ba da abin da bai samu ba. Akwai 'yar rariya a mashigar ruwa, wani injin ma biyu gare shi, ɗaya a cikin tanki ɗaya a bakin famfo. Masu wankin kafet sun fi kowa fama da ita, domin zaren kafet da gashi ba inda ba sa shiga, ga kuma garin sabulu da ake zubawa a tanki ba a dama shi ya narke ba, ya je ya daskare kamar kunun kwana. Ciro rariyar, ka ɗaga ta ga rana. In ba ka ga haske ta cikinta ba, ka sami ɓarawonka. In kuma ta yage, kada ka ce bari in cire ta gaba ɗaya ruwa ya wuce, yashin da take tarewa cikin famfon zai tafi.

Daga nan bi tiyon shiga da hannu tun daga duro har famfo. Ya lanƙwashe? Taya ta taka shi? Akwai tiyon da daga waje lafiya lau, amma in inji ya fara ja sai ya shafe kamar hanji. Tiyon shiga ana son sa gajere, mai kauri, faɗinsa kada ya gaza bakin famfon. Kuma irin famfon da ke haɗe kai tsaye da injin fetur ba gwanin tsotso ba ne, ya fi son ruwa ya gangaro masa. In duronka a ƙasa yake, ɗora shi bisa bulo ko dakali ya ɗara famfon tsawo, kuma kada ka bari ruwan ya kusa ƙarewa. Famfon da ruwa bai ishe shi ba za ka ji yana ƙara kamar an zuba masa tsakuwa. Ƙananan kumfa ne ke tasowa a ciki suna fashewa, kuma fashewar nan tana ƙwaƙule ƙarfe. Jin wannan ƙara, kashe inji.

Ita kuma iska munafuka ce. In tiyon fita ya huje, ruwa zai tsarto ka gani. Amma in na shiga ne ya tsage, ko kilif ya saki, ko 'yar robar mahaɗi ta bushe, sau da yawa ko ɗigo ba za ka gani ba, domin wajen ba turawa yake yi ba, ja yake yi, sai ya ja iska. Dabarar ita ce ka sa guntun tiyo fari mai nuna ciki dab da bakin famfon. In ka ga kumfa na wucewa, sai ka bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya. Bayan ka ɗaure, cire nozul, ka bar ruwa ya zuba har ya daina tari da atishawa, sannan ka mayar.

Ga wani gwaji da ba ya cin ko kwabo. Samo jarka mai lita 20 da agogo. Zura bakin bindigar a ciki, ka toshe gefen da tsumma saboda fantsama, ka danna. In allon famfonka ya ce lita 12 a minti, ya kamata jarkar ta cika cikin minti ɗaya da daƙiƙa 40. In ta cika a kan lokaci amma geji na ƙasa, ramin nozul ne ya yi girma. In ta ɗauki minti biyu da rabi ko uku, ruwa na ɓacewa a wani wuri, sai a ci gaba da nema.

Wurin da ya fi ɓacewa shi ne bawul ɗin nan mai sifirin da murfin murɗawa, wanda bakanikai ke ce wa anloda. Aikinsa shi ne in ka saki bindiga ya juya ruwan ya koma baya, kada tiyo ya fashe. In ƙwayar yashi ta maƙale masa, ko mazauninsa ya cinye, sai ya riƙa mai da ruwa baya ko da kana feshi. In injinka na da tiyon da ke komar da ruwa tanki, duba shi lokacin da bindiga ke danne. Ɗan kaɗan ba laifi, amma in yana zuba sosai, laifin anloda ne. A kwance shi, a wanke, a sa sabbin robobi da ɗan giris. Abin da ba mu so shi ne a kama murfin a yi ta murɗawa har ƙarshe wai don a ƙaro ƙarfi. Ba zai ƙaro ruwan da babu ba, illa dai ranar da ka saki bindiga, bugun ya fasa maka tiyo ko ya tsaga kan famfon, ka ga an koma gidan jiya, sayen sabon da ake gudu.

Sai gudun inji. Ƙananan injinan fetur irin su Honda GX160 da 'yan uwansa na Sin ana saita su ne wajen juyi 3,600 a minti. In gudun ya ragu da kashi 10 cikin 100, ƙarfin feshi zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa sun koyi rage wutar inji don tsimin mai. A injin wanki wannan tsimi ba ya biya, domin aikin minti goma zai koma na ashirin. Duba matatar iska, musamman bayan ƙurar hunturu, duba fulogi, duba kafireto. In famfonka da bel yake aiki, danna shi da yatsa, in ya saki ko ya yi santsi yana ƙyalli, zamewa yake yi.

Masu injin lantarki kuwa, ƙarancin wuta da doguwar waya siririya su ne abokan gabarku. Akwai kuma wani abu da masu sayen injin gwanjo daga Amurka ba su cika sani ba. Wutar can bugu 60 take yi a daƙiƙa, tamu ta Nijeriya da Nijar 50. Taransifoma na iya sauke maka wuta daga 230 zuwa 110, amma ba ta canza bugun. Saboda haka moton da gudunsa ke bin bugun wuta, wanda aka rubuta wa juyi 1,750, a nan wajen 1,450 zai yi, ƙarfin feshin kuma ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Wannan ba cuta ba ce, baƙunta ce. Maganinta nozul mai ɗan ƙaramin rami, ko a canza girman fulin in mai bel ne.

To sai in duk waɗannan sun fita daga zargi, sannan a buɗe famfon. Kuma buɗewa ba saye ba ne. Famfo mai fistin uku yana da bawul shida, uku na shiga uku na fita, kowanne ɗan faifai ne da sifirin a ƙarƙashin babban noti. Sau da yawa abin da za a tarar zare ne ko ƙwayar yashi ta hana ɗaya rufewa. A wanke a mayar. Wanda sifirinsa ya karye ko fuskarsa ta yi rami-rami, a canza, kuma ya fi kyau a canza shidan gaba ɗaya. In ruwa na ɗiga tsakanin kan tagullar da jikin famfon, sil ne ya cinye. In ka leƙa man famfon ka ga ya yi fari kamar madara, ruwa ya riga ya shiga cikinsa, a canza sil a juye man a zuba sabo irin wanda kamfanin ya ce. Ana sayar da bawul da sil a ƙulle ɗaya, kuɗinsu bai kama ƙafar na sabon famfo ba. Ka tafi kasuwa da tsohon a hannu da lambar famfon, kada ka tafi da kwatance.

Yaushe ne bakaniken ke da gaskiya? In kan famfon ya tsage, ko mazaunin sil a jikin tagullar ya zaizaye har sabon sil ba ya kamawa, ko kuma can ciki ƙarfen da ke juya fistin yana bugawa, man ya fito da garin ƙarfe. Nan kam gyara asarar kuɗi ne. Amma ka ce ya buɗe a gabanka ya nuna maka da yatsa.

Abin da ke kashe sil tun kwanansa bai ƙare ba abu uku ne da masu wanki ke yi kullum. Ana ta da inji babu ruwa, ko na minti ɗaya ne, sil ya ƙone, in kuma aka sako ruwan sanyi a kan fistin tangaran da ya yi zafi, sai ya tsage. Ana barin inji na aiki bindiga a ajiye ana ciniki da mai mota, alhali a injinan da ba sa mai da ruwa tanki, ruwan nan kaɗan ne ke ta zagaye cikin kan famfon yana zafi, minti biyu zuwa uku sun isa ya fara dafa robobi. Sannan ana juye tafasasshen ruwa a tanki wai don datti ya fita, alhali galibin famfunan ruwan sanyi ba sa jure abin da ya wuce digiri 60, wasu ma 40.

Kafin ka taɓa ko noti ɗaya, kashe inji, ka danna bindiga ruwan da ya matse ya fita. Kada ka nemi inda tiyo ya huje da tafin hannu. Ruwa mai irin wannan ƙarfi yana huda fata ya shige cikin nama, a waje ka ga ɗan tabo kamar cizon sauro, a ciki kuwa ɓarna ce da kan kai ga yanke yatsa. Wanda hakan ta same shi, asibiti a ranar, ba gobe ba. Injin fetur kuma ba a shiga da shi ɗaki ko cikin shago a rufe, hayaƙinsa yana kisa. A bar shi waje a ja tiyo.

Manoma, injin goyo mai lita 15 ko 16 ko 20 duk labarin ɗaya ne, sai dai shi ƙarfinsa bar 1 ne zuwa 3. In kana buga hannun kana jin sa sakayau ba nauyi, robar famfon ce ta cinye ko ɗan bawul ɗin ƙasa ya maƙale. In hannun ya yi tauri amma feshi ba ya fita, rariyar cikin mariƙi ce ko nozul suka toshe. Don Allah kada a sa baki a hura nozul ɗin maganin ƙwari ko na ciyawa, guba ce. Kuma nozul da ya cinye yana zubar da magani fiye da ƙima, kuɗi na tafiya, amfanin gona na ƙonewa. Masu injin ban ruwa a fadama kuma, in watan Maris da Afrilu suka zo kuka ga ruwa ya rage, ku auna zurfin ruwan kafin ku zagi inji. Babu famfon da ke zaune a sama da zai tsotso ruwa daga zurfin da ya wuce mita 10, a aikace ma daga mita 7 zuwa 8 ya fara gazawa. Haƙa rami a sauke injin ya kusanci ruwan ya fi sayen wani.

Game da kafet ɗin mutane da ke hannunka, malam, kada rashin ƙarfin inji ya sa ka yi ta tsayawa wuri ɗaya kana jiƙa su sharkaf. Kafet ba mota ba ne, ba ya bukatar bar 150, rabin haka ma ya ishe shi ɗauraya in ka kakkaɓe ƙurar da kyau ka goge da buroshi tukuna. Sa farin nozul ko kore, ka ja baya kamar kamu biyu, jan kuwa kada ya kusanci kafet, yanka zare yake yi. Matse ruwan sosai, ka rataya su inda iska ke kaɗawa su bushe a yinin, don wanda ya kwana biyu da danshi wari zai yi, ya yi fumfuna, mai shi kuma ba zai sake kawo maka ba.

Mai wasiƙa daga Funtuwa, in ka gwada, ka rubuto mana abin da geji da jarka suka nuna, tare da lambar da ke jikin famfon. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu ɗauki tambayoyin da suka taru a kan ajiyar wake.